Malaman Kirista na Ingila da Masu Inkarin Wahayi: Muhawarar Ƙarni na 18 a Ma'aunin Ilmin Kalami



A ƙarshen shekara ta 1691 masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Boyle, ya mutu ya bar wasiyya cewa a ware wani abu daga dukiyarsa a riƙa biyan malamin coci ɗaya kowace shekara, ya gabatar da huɗubobi takwas a Landan domin tabbatar da gaskiyar addinin Kirista. Ya ambaci waɗanda za a yi wa raddi: mulhidai, da masu yarda da Allah ba tare da wahayi ba, da masu bautar gumaka, da Yahudawa, da Musulmi. Ya kuma gindaya sharaɗin kada mai huɗuba ya tsoma baki a saɓanin da ke tsakanin Kiristoci su ya su. Daga cikin biyar ɗin nan, rukuni na biyu ne ya cinye ƙarfin malaman cocin Ingila na tsawon shekara sittin ko fiye. Na biyar kuwa, wato mu, mun kasance a cikin muhawarar ko da yake ba a gayyace mu ba, domin kowane ɓangare ya ɗauko Musulunci ya jefi abokin gabarsa da shi.

Aƙidar rukuni na biyu ita ce Turawa ke kira Diyizim, marubutan Larabci na zamani kuma suke kira Rububiyya. Kada ɗalibi ya rikita ta da Tauhidur Rububiyya da ya sani a littattafan aƙida, duk da cewa akwai alaƙa a suna: mai wannan aƙida ya yarda akwai Mahalicci mai hikima, sai dai ya ce hankali ya wadatar wajen saninSa da sanin abin da Yake so, saboda haka babu buƙatar annabi ko littafi. Ana yawan jingina tushenta ga Lord Herbert na Cherbury, wanda a littafinsa De Veritate na 1624 ya taƙaita addini a ginshiƙai biyar da ya ce kowane ɗan Adam yana iya kai wa gare su: akwai Allah, ya cancanci bauta, kyawawan ɗabi'u su ne ƙashin bayan bautar, ana tuba daga zunubi, kuma akwai sakamako bayan mutuwa. Sai dai muhawarar ba ta yi zafi ba sai bayan 1695, shekarar da dokar tace littattafai kafin bugawa ta faɗi a Ingila. Shekara ɗaya bayan haka John Toland ya fitar da Christianity not Mysterious, inda ya ce babu wani abu a Linjila da ya saɓa wa hankali ko ya fi ƙarfinsa, asiran da ake faɗa kuwa ƙarin limamai ne. Majalisar Ailan ta sa aka ƙona littafin a Dablin a 1697.

Wanda ya tattara shubhar ya ba ta cikakkiyar siffa shi ne Matthew Tindal, malami a kwalejin All Souls ta Oxford, wanda ya haura shekara saba'in lokacin da ya buga Christianity as Old as the Creation a 1730. Hujjarsa gajera ce. Allah cikakke ne, ba Ya canzawa. Addinin da ya zo daga gare Shi dole ya zama cikakke tun farkon halitta. AdalcinSa kuma ba zai bari Ya ɗora wa kowa nauyin abin da bai isar masa ba. Saboda haka addinin gaskiya shi ne wanda ke rubuce a hankalin kowa. In wahayi ya zo da shi, maimaici ne. In ya zo da ƙari a kansa, ƙarin ba daga Allah yake ba.

Duk wanda ya karanta Tamhid na Baƙillani, ko Irshad na Juwaini, ko Milal wan Nihal na Shahrastani, zai gane wannan murya. Ita ce shubhar da mutakallimai suka jingina wa Barahima: abin da manzo ya zo da shi ko dai ya dace da hankali, sai a wadatu da hankalin, ko ya saɓa masa, sai a mayar masa da abinsa. Ita ce kuma tambayar da Abu Hatim Razi ya ruwaito daga likitan nan Abu Bakr Razi a A'alamun Nubuwwa, cewa me ya sa Mai hikima zai keɓe wasu mutane da annabci Ya bar sauran suna yaƙi a kansu. Ban kawo wannan don in ce Tindal ya kwaso daga can ba. Abin da nake nufi shi ne muna da awo a hannu wanda za mu auna amsoshin malaman Ingila da shi, tun da malamanmu sun riga su fuskantar tambayar da ɗaruruwan shekaru.

Abu na farko da awon ke nunawa shi ne yawancin masu kariyar sun miƙa wa Tindal mukaddimarsa tun kafin ya rubuta. Samuel Clarke, wanda ya yi huɗubobin Boyle na 1704 da 1705, ya kafa cewa kyau da muni suna cikin haƙiƙanin abubuwa, hankali yana riskarsu kamar yadda yake riskar lissafi, matsayin da bai yi nisa da na Mu'utazila ba a mas'alar tahsini da taƙbihi. Daga nan ya ce wahayi ya zo ne saboda mutane sun lalace, sun gafala, suna buƙatar mai tunatarwa mai iko. Tindal bai wahala ba: ya ƙawata shafin farko na littafinsa da maganganun irin waɗannan malamai, har da Clarke da Thomas Sherlock, ya ce ga shaidata daga bakinku. Kaɗan ne suka ƙi karɓar mukaddimar. Fitacce a cikinsu shi ne William Law a The Case of Reason na 1731, wanda ya ce dacewar ayyukan Allah tana komawa ga zatinSa da hankali ba ya kewaye shi, don haka halitta ba ta da matsayin da za ta yanke wa Mahalicci abin da ya kamata Ya saukar. Ɗalibin Ash'ariyya zai ji ƙanshin gida a nan. Amma zamanin bai bi Law ba. Ya bi hanyar shaidu.

Hanyar shaidu ita ce a ce: mu bar jayayya a kan abin da saƙon ya ƙunsa, mu tabbatar da cewa mai saƙon ya zo da mu'ujiza, shi ke nan. Charles Leslie, a ɗan littafinsa A Short and Easy Method with the Deists, na ƙarshen ƙarni na 17, ya gindaya alamomi huɗu da ya ce in sun haɗu a kan wani labari ba zai yiwu ya zama ƙarya ba: abin ya kasance wanda ido da kunne ke iya shaidawa; ya faru a bainar jama'a; a sami ibadu ko bukukuwa da ake tunawa da shi; kuma waɗannan ibadu su faro tun lokacin da abin ya faru. Ya gwada su a kan fitar Bani Isra'ila daga Masar da idin Ƙetarewa, da kuma baftisma da jibin Ubangiji a wurin Kiristoci. A gaskiya dabara ce mai kyau, kuma tana kusa da abin da malaman usul ke kira tawaturi na aiki, sai dai ba ta kai sharuɗɗansu tsauri ba, domin Leslie bai tsaya a kan yawan maruwaita a kowane ɗabaƙa ba, ya ɗauki sharaɗinsa na huɗu kamar an gama tabbatar da shi alhali shi ne wurin jayayyar.

Aka ci gaba a kan wannan layi. Anthony Collins ya nuna a 1724 cewa annabce-annabcen Tsohon Alkawari da Linjila ke jinginawa ga Annabi Isa (AS) ba su dace da shi a zahirin lafazi ba sai da tawili. Bishop-bishop suka yi masa ca. Thomas Woolston ya yi wa mu'ujizojin Linjila ba'a a jerin maƙaloli daga 1727 zuwa 1729, kotu ta ci shi tarar fam 100 da ɗaurin shekara guda, ya mutu a 1733 bai sami cikakken 'yanci ba. Sherlock ya mayar masa da martani a 1729 da littafin da ya tsara kamar zaman kotu, inda lauyoyi ke tuhumar manzannin Almasihu a kan shaidar tashinsa daga matattu, masu taya alƙali hukunci kuma suka wanke su. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai, ko da yake alƙali da lauyoyin duka alƙalami ɗaya ne ya rubuta su. Nathaniel Lardner kuwa ya kwashe kimanin shekara talatin, daga 1727, yana tattara duk abin da marubutan farko suka faɗa a kan littattafan Sabon Alkawari. Wannan aiki na Lardner za mu sake haɗuwa da shi.

Akwai wani ɓangare na muhawarar da ya fi shafar ɗaliban hadisi da ƙira'a. A 1707 John Mill ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a Oxford bayan aikin shekara talatin, ya tara saɓanin rubutu kimanin 30,000 tsakanin tsofaffin kwafe-kwafe. Collins ya ɗauki adadin a 1713 ya ce to ina nassin da za a dogara da shi? Richard Bentley, wanda babu kamarsa a sanin tsofaffin rubuce-rubuce a Ingilar lokacin, ya amsa a shekarar cewa yawan saɓani ɗan yawan kwafe-kwafe ne, kuma da su ake gyara nassi. Ya buga misali da marubutan Rumawa biyu: Terence, mai kwafe-kwafe da yawa da saɓani da yawa, nassinsa na cikin mafi inganci, Velleius Paterculus, wanda kwafi ɗaya tak ya rage, cike yake da kurakuran da ba su gyaruwa. Amsar daidai ce a fannin tahƙiƙi, kuma duk wanda ya taɓa gwama nuskoki ya san haka. Sai dai ta mayar da nassin wahayi abin da masana ke sake ginawa da rinjayen zato, ta kuma yi iƙrari da cewa babu silsilar haddace da baki da za a koma gare ta.

Mafi girman littafin da muhawarar ta haifar shi ne The Analogy of Religion na Joseph Butler, 1736, wanda daga baya ya zama bishop na Bristol sannan na Durham. Butler bai zagi kowa ba, bai ma cika ambaton abokan jayayyarsa da suna ba. Ya ɗauko wata lura daga Origen, malamin Iskandariyya na ƙarni na uku, ya gina littafin duka a kanta: in Wanda ya halicci duniya Shi ne ya saukar da littafi, to za a sami irin wahalhalun fahimtar da ke cikin duniya a cikin littafin. Ɗan Rububiyya ya ce ba adalci ba ne wahayi ya isa ga wasu al'ummu ya bar wasu; Butler ya ce haka lafiya da basira da arziki suke a rabe ba daidai ba, kuma kai ka yarda Allah ne ya raba. Ya ce me ya sa hujjojin addini ba su fito fili yadda ba mai musu. Butler ya ce da rinjayen zato kake shuka, kake shan magani, kake shiga jirgin ruwa, kuma ɓoyuwar hujja na iya zama ɓangaren jarrabawa. Ya ce me ya sa sai da tsani tsakanin bawa da Ubangijinsa. Butler ya ce ta hannun wasu aka haife ka, aka raine ka, aka warkar da kai. Duniya tsari ne da muke ganin gefensa kawai, mai ganin gefe kuwa ba ya yanke wa duka hukunci.

Wannan, a istilahinmu, hujjar ilzami ce, kuma ta kai matuƙa a irinta. Ta rufe wa Tindal ƙofa, domin ba zai iya riƙe Allah mai adalci na halitta ya kuma ƙi Allahn wahayi da dalilin da ke faɗa wa duka biyun ba. Amma ilzami yana aiki ne a kan wanda ya riga ya sallama mukaddima, kuma iyakarsa ya nuna cewa abu ba mustahili ba ne. Ba ya nuna cewa ya faru. Sannan ba ya bambance wahayi da wahayi: duk abin da Butler ya faɗa a kan rashin isar saƙo ga kowa, Musulmi ko Bayahude zai iya faɗarsa harafi da harafi. A wuri ɗaya kuma, a ganina, ƙiyasin ya karye. Da ya zo kare aƙidar fansa, ya ce ai a duniya ma marar laifi yana shan wahala saboda mai laifi. Haka ne, yana sha. Amma faruwar abu a gidan jarrabawa daban, mayar da shi ƙa'idar hukunci a gidan sakamako daban. Aya ta 164 ta Suratul An'am ta kore ɗaukar wa wani nauyin zunubinsa, aya ta 15 ta Suratul Isra'i kuma ta haɗa wannan da rataya azaba a kan aiko manzo. Da irin wannan nassi a hannu, rabin shubhar Tindal game da waɗanda saƙo bai isa gare su ba ya zama babin ahlul fatra, ba abin da ke girgiza tushe ba.

Tun da hujjojinsu ba su keɓe Kiristanci da kansu ba, masu kariyar sun buƙaci wani addini da za su nuna su ce ga yadda na ƙarya yake. A nan muka shigo. Humphrey Prideaux ya buga tarihin Manzon Allah (SAW) a 1697 a ƙarƙashin take mai tuhumarsa da yaudara, ya liƙa masa wasiƙa zuwa ga 'yan Rububiyya a ƙarshe, inda ya lissafa alamomin yaudara bakwai, irin su neman abin duniya da yaɗuwa da takobi, ya ce duka suna can, babu ko ɗaya a Kiristanci. Tarihin cike yake da kurakurai, domin mafi yawan kayansa ya kwaso ne daga fassarori da rubuce-rubucen masu raddi. Leslie ya ce alamominsa huɗu ba su haɗu a Musulunci ba saboda Isra'i bai faru a gaban jama'a ba, ya tsallake Alƙur'ani kansa, wanda aka ƙalubalanci Larabawa da shi a fili, ake kuma karanta shi a salla sau biyar kullum tun daga wannan zamani ba yankewa. In da akwai abin da ya cika sharaɗinsa na uku da na huɗu, to wannan ne. William Paley, a Evidences na 1794, ya kafa hujjarsa a kan cewa shaidun farko sun sha azaba ba su janye ba, sannan ya ware fasali ya mayar da nasarar Musulunci ga yaƙi. Adalci ne a faɗi cewa ya bambance mai wahala saboda ra'ayi da mai wahala saboda abin da idonsa ya gani. Amma Bilal da iyalan Yasir da waɗanda aka tsare a kwarin Abu Ɗalib ba labari aka ba su ba; sun zauna da mutumin shekaru, sun ji abin da yake karantawa da kunnensu.

Ɗaya ɓangaren ma bai so mu don Allah ba. Henry Stubbe, wanda ya mutu a 1676, ya rubuta littafi mai yabon Manzon Allah (SAW) da tauhidin Musulunci, ya yi ta yawo a rubuce da hannu har sai da Hafiz Mahmud Khan Shairani ya buga shi a Landan a 1911. Toland, a Nazarenus na 1718, ya tallata Linjilar Barnaba da ya gani a Amsterdam. Manufarsu ita ce su daki Triniti da ikon limamai; Musuluncin da suka zana addini ne na hankali zalla, an rage masa shari'a da gaibi. Hatta Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Ɗufail, wanda Edward Pococke ƙarami ya fassara zuwa Latin a 1671, an karanta shi a matsayin shaidar cewa mutum shi kaɗai a tsibiri zai kai ga Allah, har Simon Ockley da ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1708 ya ga dole ya ƙara masa rataye na gargaɗi.

A zahiri cocin ta yi nasara. John Leland ya rubuta tarihin muhawarar a 1754 kamar mai ƙirga ganima, a 1790 kuma Edmund Burke yana tambaya cikin izgili ko akwai wanda ke karanta Collins da Toland da Tindal. Sai dai tun 1748 David Hume ya sari reshen da aka ɗora kayan duka a kai. Ya ce mu'ujiza keta al'ada ce da gogayyar mutane duka ta tabbatar, kuskure ko ƙaryar mai ba da labari kuwa abu ne da ake gani kullum, don haka mai hankali zai rinjayar da na biyu. Ya ƙara da cewa mu'ujizojin addinai mabambanta suna rushe juna, ya kuma buga misali da Musulunci, wato ya juya makamin Prideaux a kan masu shi. Shekara ɗaya bayan haka Conyers Middleton ya yi watsi da mu'ujizojin da iyayen coci suka ruwaito bayan zamanin manzanni, mutane suka fara tambayar to a wace shekara aka ja layin, kuma da wane dalili. George Campbell ya amsa wa Hume a 1762 cewa gaskata labari yana cikin ɗabi'ar mutum tun kafin gogayya, amsar da ke kusa da maganar malamanmu cewa mutawatiri yana haifar da ilmi na larura, sai dai bai da ilmin rijalu da zai raba masa mutawatiri da ahadi.

Mu ma a nan mun haddace daga Ummul Barahin ta Sanusi cewa mu'ujiza tana matsayin gaskatawar Allah ga manzonSa, kuma haka ne. Amma manyanmu ba su bar annabci a kan ƙafa ɗaya ba. Gazali a Munƙiz ya yi gargaɗin cewa imanin da aka gina a kan sanda ta zama maciji kaɗai, shubha mai tsari za ta iya kwance shi, ya nemi a san annabi ta halinsa da tasirin abin da ya zo da shi, kamar yadda masanin likitanci ke gane likita. Ibn Taimiyya a Nubuwwat ya soki taƙaita dalilan annabci a keta al'ada. Wannan ƙofa, ta a duba saƙon da mai saƙon, ita ce masu hanyar shaidu suka rage wa kansu amfani da ita, domin Toland ya riga ya tsaya a bakinta da tambayar Triniti.

John Stuart Mill ya ba da labarin mahaifinsa James Mill, wanda aka horar don ya zama mai wa'azi a cocin Sikotilan, cewa littafin Butler ne ya riƙe shi a kan imani na wani lokaci. Ya yarda hujjar ta gama da 'yan Rububiyya sarai. Da ya ga babu matsaya a wurinsu, sai ya bi ƙiyasin ta ɗaya gefen: in wahalhalun littafi su ne wahalhalun duniya, to su ma hujja ne a kan Mai duniyar. Ya ƙare yana cewa ba a iya sanin komai game da asalin halitta.

Kayan da aka tara kuwa sun yi tafiyar da masu su ba su zata ba. A watan Afrilun 1854, a birnin Agra na Indiya, Shaikh Rahmatullahi Kairanawi ya yi muƙabala da ɗan mishan Karl Pfander, marubucin Mizanul Haƙƙ, a kan naskhi da tahrifi. Likita Wazir Khan, wanda ya iya Ingilishi, shi ya taya shi tono littattafan malaman Turai. Pfander ya amsa a gaban jama'a cewa akwai wuraren da aka sami canji a nassin, yana mai cewa ba su taɓa aƙida ba, kusan amsar Bentley ke nan bayan shekara 141. Da Shaikh ya rubuta Izharul Haƙƙ da Larabci a Santambul a 1864, cikin waɗanda ya yi ta kafa hujja da su a kan saɓanin kwafe-kwafe da jahiltar marubutan wasu littattafan Baibul akwai Thomas Hartwell Horne da Nathaniel Lardner, mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu suna tara wannan ilmi domin su rufe bakin masu inkarin wahayi.